Yadda Ake Canja Oyil-sil na Aksul ɗin Gaba a Land Cruiser da Tsohuwar Hilux

Idan ruwan Agusta ya kankama a ƙasar Kankiya, hanyoyin gona da ke kewaye da Kunduru, Gyaza da ƙauyukan Kusada ba kowace mota suke karɓa ba. Masu jan ƙafa huɗu ne ke shiga su fito, kuma a wannan lokacin ne gareji ke cika da ƙorafi iri ɗaya: "Oga, ƙafar gaba tana zubar da mai." Yaron gareji zai leƙa bayan taya, ya ga baƙin mai yana tsiyaya ta jikin ƙwallon ƙarfen da ƙafar ke juyawa a kai, ya kwance zoben ulu da na roba da ke wurin, ya sa sababbi, ya ɗura giris, ya karɓi kuɗin Alhaji. Kafin kasuwa biyu mota ta dawo da yoyonta, wani lokacin har da birkin da ya daina kamawa. Na ga wannan gyaran gangar Abzinawa har na gaji, shi ya sa na zauna rubuta wannan jagora don ƙannenmu masu koyo.

Inda ka ga mai yana fita ba nan ɓarnar take ba. A motoci masu sandararren aksul a gaba, wato Land Cruiser 70 da aka fara ƙerawa a 1984, da 80 ta 1990 zuwa 1997, da 105, da wasu Hilux na kafin 1997, ɗakuna biyu ne a kowace ƙafa. Akwai tukunyar aksul da bututunta, inda man giya yake. Akwai kuma gwiwa, wadda makanikai ke ce wa nokul, inda kan shaf yake kwance cikin giris. Abin da ya raba su wani ɗan oyil-sil ne da ke can cikin bakin bututu, shaf ya ratsa ta tsakiyarsa. Idan ya gaji, man giya ya tsallaka ya narkar da giris, su zama ruwa-ruwa kamar miyar kuka, su biyo ta baya. Zoben ulu da na roba aikinsu share ƙura da laka daga jikin ƙwallo da tsare giris mai kauri. Ba a yi su don riƙe mai ba, ko sababbi fil ne.

Kafin ka taɓa sifana

Tabbatar da abin da ke zuba. Man giya yana da wari mai hawa kai, wanda duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Man birki ba shi da wannan warin, ya fi tsinkewa, kuma za ka ga ya ragu a kofinsa. Ɗan danshin giris a jikin ƙwallo kuwa ba ciwo ba ne, haka ake so ya kasance. Ƙwallon da ya bushe ƙamas shi ne abin tsoro. A saman gwiwa akwai wata kusa mai kai murabba'i. Kwance ta, ka zura tsinke mai tsabta. Idan ya fito da abin da ke ɗiga, oyil-sil ya tafi. Sannan buɗe kusar zuba mai ta tukunya: man da ya ragu, ko ya yi kauri ya koma toka-toka saboda giris ya kwararo cikinsa, shaida ce ta biyu. Idan ya yi fari-fari, ruwa ne ya shiga.

Kayan da za ka tanada

Kada ka kwance mota sai kayan suna hannunka. Kankiya tana kan titin Kano zuwa Katsina, saboda haka aika saƙo kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ba wuya ba ne, amma barin ƙafa a buɗe tana shan ƙura ana jiran direban da zai kawo washa ɗaya ganganci ne.

- Oyil-sil na ciki guda biyu, ɗaya kowace ƙafa. Na Land Cruiser 80 lambarsa 90310-35010. Na tsohuwar Hilux daban ne, don haka ka ba mai shago lambar shasi, ka kuma aika da tsohon idan da hali.
- Oyil-sil na bayan hob, gasket na takarda, zoben ulu da na roba da na ƙarfe, sabuwar washa mai kunnuwa, sabon kilif.
- Giris iri biyu: baƙi mai sinadarin moli don gwiwa da kan shaf, da girisin boris mai jure zafi don hob.
- Man giya mai lamba GL-5, kauri 90 ko 80W-90, lita 3.
- Soket mai milimita 54, soket 24 na kusoshin mai, da 10, 12, 14, 17.
- Sandar tagulla, guduma, filayar kilif, ƙugiyar zaro sil, kusa mai zare 8.
- Sifanar awon ɗauri, da sikelin rataye irin na masu sayar da nama.
- Jak, ƙafafun ƙarfe ko kututture mai faɗi, waji, kalanzir, tsummoki masu yawa, tabarma ko buhu mai tsabta.

A kan oyil-sil ɗin nan kada ka nemi sauƙi. Yana cikin mafi araha a kayan, shi ne kuma wanda sai an wargaza ƙafa gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Na jabu robarsa takan sandare da ta sha zafi. Matsa leɓensa da yatsa: na kirki yana lanƙwasa ya dawo, ɗan zoben wayar da ke bayansa kuma yana zaune daram.

Matakan aiki

1. Zaɓi wuri, ka tsare motar. Ƙasarmu rairayi ce, jak kuma yana nutsewa cikinta a hankali ba tare da ya sanar da kowa ba. Sa katako mai kauri ƙarƙashinsa, sa waji a tayoyin baya, sassauta notin taya tun mota tana ƙasa, sannan ka ɗaga ka ɗora aksul kan ƙafar ƙarfe. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yana fashewa lokaci guda. Mota ce mai nauyin gaske, kai kuma za ka yi ta dukanta da guduma. Idan lokacin hunturu ne, juya wa iska baya ka kafa shinge da tamfol, domin ƙwayar yashi ɗaya a cikin boris ta isa.

2. Zubar da man. Fara buɗe kusar zubawa ta sama kafin ta fitarwa ta ƙasa. Dalili: idan ka tsiyaye mai sannan ta sama ta ƙi kwantuwa, ka tsayar da motar mutum ba hanyar mayar da mai. Kusar ƙasa tana da maganaɗisu. Ɗan gari mai laushi a jikinta ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji yana nufin haƙoran tukunya ko boris ɗinta suna ci, kuma gara ka gaya wa mai mota yanzu. Tara tsohon man a galan. Kada ya bi ƙasa kusa da rijiya ko inda awaki ke kiwo.

3. Cire birki da murfin hob. Kwance kusoshi biyu na kalifa, ka rataye ta da waya. Kada ta rataya da tiyonta. Idan motar mai makullin hob ce, juya shi zuwa wurin saki kafin ka cire murfi. Fitar da kilif daga bakin shaf, ka kwance noti shida.

A nan ne yara suka fi yin ta'asa. Ƙarƙashin kowane noti akwai washa mai tsini da ke cusa kanta cikin rami ta riƙe ƙam. Mai gaggawa sai ya ɗauki kurfi ya cusa tsakanin murfi da hob, ko ya yi ta dukan gefen murfin har ya lotsa. Fuskar da ya tsaga ba za ta sake riƙe gasket ba, ruwa kuma ta nan zai riƙa shiga. Mayar da noti daidai bakin kusa don kare zare, ɗora sandar tagulla a kai, ka buga da guduma. Girgizar ce ke sa washar ta yi tsalle ta fito. Tagulla ta fi ƙarfe laushi, ita ke karɓar rauni a madadin kusa. Bar notin a kai kuma yana hana washar tashi ta same ka a ido.

4. Fitar da hob. Miƙe kunnen washa, ka kwance notin waje da soket 54, sannan washa, notin ciki, washa mai haƙori, da boris na waje. Yawancin motocin da ke zuwa hannunmu notinsu duk sara ne, alamar an saba kwance su da kurfi. Kurfi yana kwancewa, amma ba ya iya ɗaure noti da awo, kuma ɓarɓashin da yake sarewa cikin boris yake faɗawa. Wanda zai riƙa wannan aiki ya sayi soket ɗin sau ɗaya ya huta. Jawo hob da faifan birki da hannu biyu, yana da nauyi. Jera komai a kan buhu bisa tsarin da ya fito, na hagu daban, na dama daban.

5. Cire bututun hob, ka zaro shaf. Kwance kusoshi takwas da ke riƙe da farantin ƙura da bututun da hob ke juyawa a kai. Ƙwanƙwasa shi da tagulla ya saki. Idan motar mai birkin ABS ce, zare na'urarsa daga gwiwa tukuna, in ba haka ba kan shaf zai karya ta. Kan shaf yana da gefe biyu da aka shafe; sai ka juya su sun kalli sama da ƙasa kafin ya yarda ya fito. Kada ka fizga. Tukunyar aksul ta karkata zuwa dama, saboda haka shaf ɗin hagu, ɓangaren direba, ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Tallafe shi har ya gama fitowa.

6. Yanke shawara kan gwiwa. Daga nan kana iya hango oyil-sil a can ciki, kuma ana iya canja shi ba tare da an sauke gwiwa ba. Idan ɗan yoyo ne da aka tare da wuri, giris bai gama narkewa ba, kuma gwiwar ba ta girgiza, hakan ya wadatar. Amma idan mai ya wanke komai, ni ina sauke ta, domin ƙananan boris biyu da take juyawa a kansu, sama da ƙasa, sun daɗe suna aiki ba giris. Kwance tayarod, da faranti na baya masu riƙe zoben ulu, da murfin sama, da hannun sitiyari.

Ƙarƙashin murfin za ka tarar da wasu siraran faranti kamar takarda. A wasu motocin sama kaɗai suke, a wasu sama da ƙasa. Kada ka jefar, kada ka gauraya. Ɗaure na kowane wuri da waya ka rubuta inda ya fito. Su ne ke saita matsin boris, kuma a motocin da ke da su sama da ƙasa, su ne ke tsayar da gwiwa a tsakiya yadda shaf zai ratsa oyil-sil ba tare da ya danne gefe ɗaya ba. Mai musanya su zai sa sabon sil ya cinye ta gefe, ya koma yana zargin mai shago. Duba mazaunin boris ɗin da farce. Idan ka ji layi-layi kamar tsani, canja shi. Shi ke sa sitiyari rawa in mota ta faɗa rami.

7. Fitar da tsohon oyil-sil, ka wanke. Lura da zurfin da yake zaune da kuma fuskar da ya kalla kafin ka taɓa shi. Maƙala ƙugiya a bayansa ka fizgo, ba tare da ka ƙwarzane gurbin ba. Ƙwarzane a nan hanya ce da mai zai bi ta bayan sabon sil. Wanke gwiwa, ƙwallo, kan shaf da boris da kalanzir ko man gas. Na san fetur ya fi saurin cin giris, amma gareji ba ya rasa mai walda ko mai shayi a kusa. Tsatsar jikin ƙwallo a goge ta da sanfefa mai laushi, domin ita ke yaga zoben ulu.

8. Nemo abin da ya kashe shi. Wannan matakin ake tsallakewa, shi ya sa aiki ke dawowa. Oyil-sil yakan mutu don tsufa, amma sau da yawa kashe shi ake yi, kuma masu laifin huɗu ne.

Na farko hancin aksul, wato ɗan bututun numfashi da ke saman bututun aksul. Mota ta taso daga Kano a guje, mai ya yi zafi, iskar ciki ta kumbura tana neman mafita. Idan laka ta toshe hancin, sai ta tura mai ta wurin da ya fi rauni, wato oyil-sil. Akasin haka ma yana faruwa: aksul mai zafi ya faɗa kududdufi mai sanyi, iskar ciki ta tsuke nan take, ya zuƙo giris daga gwiwa ko ruwa daga waje. Kwance hancin, ka wanke, ka hura ka ji iska ta wuce. Motar da ke yawan ratsa ruwa da damina, a sa mata tiyo a bakin hancin a ja shi sama cikin ɗakin inji, a lanƙwasa bakinsa ƙasa. Aikin minti kaɗan ne, kuma ban san wani abu mai araha da ke tsawaita ran sil kamarsa ba.

Na biyu shaf ɗin kansa. Shekara da shekaru leɓen roba haɗe da ƙura yana sassaƙa masa zobe a jiki. Ja farce a wurin. Idan farce ya maƙale, sabon leɓe zai faɗa cikin tsohon rami ya ci gaba da yoyo. Idan ramin bai yi zurfi ba, zaunar da sabon sil ɗan gaba ko ɗan baya kaɗan don leɓensa ya hau lafiyayyen ƙarfe. Idan ya yi zurfi, sai riga ta ƙarfe ko wani shaf.

Na uku zoben tagulla da ke cikin bututun hob, wanda ke tallafe kan shaf. Idan ya cinye, shaf zai riƙa lilo yana buɗa bakin sil. Na huɗu lanƙwasasshen aksul, wanda lodin hatsi fiye da kima da faɗawa rami a guje ke jawowa. Alamarsa ƙafa ɗaya ce ke ta cin sil, kuma taya tana cinyewa ta gefe. Wannan ya wuce canjin roba. Gaya wa Alhaji gaskiya tun kafin ya kashe kuɗi sau uku.

9. Sa sabon oyil-sil. Fuskar da ke da zoben waya ita ke kallon tukunya, domin matsin mai ya riƙa danna leɓe a jikin shaf. Cika bayan zoben wayar da giris don kada ya yi tsalle ya fita lokacin bugu, ka shafa kaɗan a leɓe don kada ya fara aiki a bushe. Nemi soket ko guntun bututu mai faɗi daidai da gefen ƙarfensa, ka buga a hankali, kana dubawa bayan kowane bugu biyu ko ya shiga a miƙe. Wanda ya shiga a karkace, ko aka buga shi da bakin sukundireba ya lotsa, cire shi ka sa wani. Shi ya sa mai hankali yake sayen uku in zai canja biyu.

10. Mayar da gwiwa. Zura zoben ulu, sannan na roba, sannan na ƙarfe a bayan ƙwallo tun kafin gwiwa ta hau. Wanda ya manta sai ya sake kwancewa. Cusa baƙin giris cikin ƙananan boris, mayar da siraran faranti inda suka fito, ka ɗaure notin hannun sitiyari. A littafin Land Cruiser 80 awonsu Nm 96 ne, kuma waɗannan noti huɗu su ne ke riƙe da ran duk wanda ke cikin motar. Kafin ka ɗaura tayarod da farantin baya, maƙala sikeli a ramin hannun sitiyari ka ja. Gwiwa ta fara motsi tsakanin kilo 2.5 da 4.5. Idan ta yi sako-sako a rage faranti, idan ta yi tauri a ƙara.

11. Zura shaf. A nan ake yaga sabon sil tun mota ba ta tashi ba. Bakin shaf haƙora ne masu kaifi, kuma idan ka bar nauyin dogon shaf ya kwanta kan leɓen roba kana turawa, ka gama da shi ba tare da ka gani ba. Cika kan shaf da baƙin giris, shafa mai a jikin sandar, ka riƙe ta a tsakiyar rami tana shiga sannu. Da ta kai ƙarshe za ta tokare. Danna kan shaf ƙasa kaɗan don bakin ciki ya ɗaga, ka juya shi hagu da dama har haƙora su faɗa gurbinsu. Guduma ba ta da aiki a wannan mataki. Sannan cika gwiwa da baƙin giris zuwa kashi uku cikin huɗu. Wanda ya cika ta maƙil bai bar wa giris wurin motsi ba, in ya yi zafi sai ya nemi hanya ta cikin sil ɗin da ka sa yanzu.

12. Bututu, hob da awon boris. Sabon gasket, bututu, farantin ƙura, kusoshi takwas a Nm 47. Cusa girisin boris da tafin hannu har ya ɓullo ta ɗaya gefen, ka sa sabon sil a bayan hob. Ɗaure notin ciki zuwa Nm 59, juya hob gaba da baya don boris su zauna, sassauta, sannan ka sake ɗaure shi sama-sama, wajen Nm 5 zuwa 6. Sa sabuwar washa mai kunnuwa, notin waje a Nm 64. Maƙala sikeli a kusar taya ka ja: kilo 2.9 zuwa 5.7 ake so. Ɗauri ya yi yawa, boris ya ƙone a titi; ya yi kaɗan, taya ta yi lilo. Lanƙwasa kunne ɗaya ciki, ɗaya waje. Waɗannan alƙaluma na 80 ne. Na 70 da na Hilux suna kusa amma ba duka suke ɗaya ba, sai a duba littafin motar.

Mayar da murfi da washoshi masu tsini. Ɗaura kusa mai zare 8 a ramin bakin shaf, ka jawo shi waje don gurbin kilif ya bayyana.

13. Birki da mai. Wanke faifan birki sarai. Takalmin birkin da ya sha man giya a jefar da shi, kuma a canja na ƙafafun biyu tare. Ƙona shi da wuta da wasu ke yi saman kawai yake busarwa, man da ke ciki zai taso da zarar ya yi zafi, mota ta riƙa fizga gefe ɗaya. Sauke motar a wuri mai daidai, ka zuba man giya har ya fara dawowa ta bakin rami. Yakan ci lita 2 da rabi ko sama da haka kaɗan. Taka birki sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa ta.

Sababbin Hilux

Hilux ta 1997 zuwa yau ba ta da ƙwallo da gwiwa irin waɗannan. Shaf biyu ne masu rigar roba ke fitowa daga tukunya, oyil-sil ɗin kuma yana gefen tukunyar inda ido ke ganinsa. Aikin ya fi sauƙi: a saki ƙafa, a ɓalle shaf daga tukunya, a canja sil. Amma duba hanci, jan farce a jikin shaf, da kiyaye leɓe daga haƙora duk suna nan yadda suke.

Bayan an gama

Wanke bayan ƙafafun tas, domin tsohon mai da ya maƙale zai sa ka kasa gane ko sabo ne ke fita. Zagaya da motar zuwa Kankiya ka dawo, ka kai bayan hannu kusa da hob: ɗumi daidai ne, zafin da hannu ba ya jurewa yana nufin ɗauri ya yi yawa. Gwada jan ƙafa huɗu a kan ƙasa, ba a kan kwalta ba. Ka roƙi mai motar ya dawo bayan mako guda a sake bin notin hannun sitiyari da na taya, a leƙa man tukunya. Idan motar mai makullin hob ce, gaya wa direba ya riƙa kulle su yana tafiyar kilomita 16 a kowane wata ko da rani ne, kamar yadda Toyota ta tsara, don mai ya zagaya ya jiƙa leɓen sil. Duk ranar da ya ratsa ruwan da ya haura tsakiyar taya kuma, ya kawo ta a buɗe kusar sama a ga launin man.